Za ka tafi nutso a teku kai kaɗai, to wa zai zama abokin nutsonka?

Wani ƙanena ɗan Tawa da ya yi karatu Dakar kamar ni ya kira ni satin da ya wuce da daddare, wai ya samu hutun kwana goma wurin aiki, ya tara ƴan kuɗinshi shina so ya tafi Masar ya yi nutso a Bahar Maliya, amma fa shi kaɗai ne, duk abokanshi da ya yi ma maganar ba wanda ya ɗauke ta da gaske. Ya ce min, "Yaya, in na je can wa zai zama abokin nutsona? Ko dai in haƙura?" Munka yi kusan awa guda a waya har kuɗin wayarshi ya ƙare ban gama ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin duka, don na san ba shi kaɗai ba ne, akwai ƴan uwa a Yamai da sunka koyi nutso da butalin iska lokacin karatu a Senegal ko Tunisiya ko Maroko, sun dawo gida katin shaidar nutson na cikin akwati ba wanda za su tafi da shi.

Mu halinmu daban ne da na Turawa, dole a fara daga nan. Nijar ba ta da teku. Muna da kogin Isa, muna da tabkin Tabalak da na Madarunfa, muna da Sarkawa da sunka san ruwa tun kaka da kakanni, amma nutso da butali wani abu ne can daban, ba kulob ɗin da za ka je duk Asabar ka motsa hannu. Bature ɗan Marsai zai iya yin nutso 40 a shekara bai hau jirgin sama ba, kai kuwa sai ka bi ta Istanbul ko Adis Ababa ko Kasabalanka, tikiti kaɗai ya ci ɗaruruwan jikka, in ka yi sa'a sau ɗaya a shekara. Wato duk lokacin da ka isa bakin teku hannunka ya riga ya yi sanyi, abin da ka koya rabi ya kwanta. Ƙanen nan nawa nutso 14 ne a karnenshi, wato littafin da ake rubuta kowane nutso, na ƙarshe kuma ya kai wata 16. Duk shawarar da zan bayar da wanga mutum nike auna ta, ba da wanda ya yi nutso 300 ba.

Me ya sa ma ake dagewa kan aboki, wanda masu Faransanci ke ce ma binom? Saboda iskarka ta biyu a bayan shi take. Butali mai lita 12 da anka cika bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) na ɗauke da lita 2400 na iska. A mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama sau biyu, a mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu, kuma haka shan iskarka ke ninkuwa. Wanda ke shan lita 20 a minti a tudu, in ya kai mita 20 lita 60 yake sha, in ka ajiye bar 50 da ba a taɓawa to minti 30 ke gare shi. Wani gefenshi da hankalinshi ke kwance, mai shan lita 12, zai kai minti 50 da butali iri ɗaya. In naka ya ƙare ko abin numfashi ya samu matsala ba ka da damar tashi sama da gudu, azot, wato iskar nitrojin, da ya taru cikin jini zai yi kumfa, huhu ma na iya fashewa in ka riƙe numfashi. Mafita ita ce bakin nan na biyu mai launin rawaya da ke rataye a ƙirjin abokinka, oktopus. In shina mita 15 nesa da kai ya ba ka baya, daidai yake da babu.

Hanya ta farko ta samun aboki, wadda kusan kowa ke faɗawa ciki, ita ce ka je kulob da safe su haɗa ka da wanda Allah ya kawo. Ba ka biyan ko dala a kan kuɗin nutson, ba shiri, ba ka jiran kowa. Jagora zai duba takarda ya ce kai da wane ku ne tare, ku gaisa, shi ke nan. A wurare irin su Sham el-Shek da Hurgada a Masar inda jiragen yini ke fita kullum cike da mutane, wallahi ba za ka taɓa rasa wanda za a haɗa ka da shi ba, don masu zuwa su kaɗai suna da yawa ƙwarai, ba abin jin nauyi ba ne ko kaɗan. Kuma ta nan na haɗu da mutanen kirki da har yau muna gaisawa. Akwai wata dattijuwa ƴar Faransa da ta haifi kamata, nutsonta ya wuce 600, kwana uku munka yi tare, ita ta koya min yadda zan rage dalmar da nike ɗaurawa a ƙugu har iskata ta fara kai ni ƙarshen nutso. Duk minti biyu sai ta juyo ta dube ni cikin ido ta tambaya da hannu.

Amma canki-canki ne. Shekarata ta biyu da fara nutso, katina na mita 18 ne lokacin, anka haɗa ni da wani mai babbar kamara. Mutum ne mai fara'a a jirgi, ya ba ni dabino ma. Da munka shiga ruwa ya hango kififiya tana gangarawa ya bi ta, ni kuma na ce ai an ce kar ka rabu da abokinka, na bi shi. Ko da na duba agogon da ke nuna zurfi muna mita 27, shi idonshi na kan kamara bai juyo ba ko sau ɗaya, ni zuciyata na bugawa ina zuƙar iska kamar wanda ya yi gudu, minti 25 kacal allurar ma'aunin iska ta sauka bar 60. Na ji kunyar in ja shi in ce mu hau don kar in ɓata mishi hoto. Allah ya sa jagoran ya lura ya sauko ya kama ni ya miƙo min oktopus ɗinshi, da iskarshi na yi tsayuwar minti 3 a mita 5 da ake yi kafin a fito. Mutumin nan ba mugu ba ne, hoto ya zo ɗauka, kuma ba wanda ya tambaye shi ko ni me kowa ya zo yi. Laifin rabi nawa ne da ban buɗe baki ba tun a jirgi.

To ka ga matsalar wagga hanya, kulob na haɗa mutane ne da abin da ya rage. Ma'aurata sun tafi tare, abokai sun tafi tare, saura kai da wanda shi ma bai da kowa, ko ya fi ka nesa ba kusa ba har ya gaji da kai, ko kai ka fi shi ka koma mai reno alhali kai ma neman mai riƙe ka kake. Wani ya kwana shan giya, wani ya yi ƙarya kan yawan nutsonshi, wani ba ku da harshe ɗaya, shi Rashanci kai Faransanci da Hausa. Kulob na kirki zai tambayi katinka da yawan nutsonka da ranar na ƙarshe kafin ya haɗa ka, in ka ga ba su tambaya ba, kuɗi kawai sunka karɓa, to wannan ya ishe ka sanin irin wurin da ka zo.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman mu da munka koya a ƙasashen Faransanci. Makarantun nutso ba ɗaya ba ne. CMAS da anka kafa a Monako a 1959, wadda sanannen mai nutso na Faransa Jak Kusto ya fara shugabanta, da tsarin Faransa na nibo, wato mataki, 1, 2, 3, suna da tasu tarbiyya. PADI da anka kafa a Amurka a 1966 tana da tata. A tsarin Faransa mai nibo 1 shina zuwa mita 20 amma kullum ƙarƙashin jagora, cikin ƙaramin rukuni da bai wuce mutum 4 ba, bai taɓa zama shi ke da alhakin kanshi ba sai ya kai nibo 2. A PADI kuwa katin farko na mita 18 ya ba ka izinin tafiya kai da abokinka ba tare da malami ba. Sai ɗan nibo 1 ya isa Masar, jagora ɗaya na gaba da mutum 8 ko fiye a bayanshi, shi a ranshi jagora ne ke kula da shi, jagora kuma a ranshi ai kowa da abokinshi. Kowa ya dogara da wani, ba wanda ke riƙe da kowa. Alamun hannu ma akwai bambanci, ɗan makarantar Faransa in ya kai bar 50 dunƙulen hannu yake kaiwa gefen kai, wanda ya koya a PADI a ƙirji yake ɗora dunƙulen in iska ta yi ƙasa, Ba'amurke kuma agogonshi ma ba da bar yake ƙirga ba.

Hanya ta biyu, ka biya a ba ka jagora naka kai kaɗai. Ita ce mai tsada a kowace rana, ba musu, don kana biyan kuɗin nutso ka ƙara da kuɗin mutum sukutum. Amma ni fa in ka tambaye ni, ga wanda ya taso daga Yamai ko Tawa ya shekara bai ga teku ba, ba kuɗin da ya fi wanga amfani a duk tafiyar. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. Jagoran ya san inda ruwa ke ja, ya san ƙarfe nawa jan ke juyawa, ya san dutsen da kifi ke laɓewa, iskarshi kuma kullum da saura mai yawa. In kunnenka ya ƙi buɗewa a mita 4 zai tsaya da kai minti biyar ba wanda ke harararka, in iskarka ta ƙare da wuri ku biyu za ku hau ba ka katse ma kowa jin daɗi ba. Ka lissafa, ka kashe abin da ka kashe a jirgi da otel da biza, sannan ka zo ka yi rowar kwana ɗaya ko biyu na jagora, ka yi nutsonka na farko cikin fargaba?

Inda take da rauni shi ne in ka yi ta har ƙarshen hutu. Aljihu zai ji, sannan ba ka koyon zama aboki, kullum ana ja kana bi, ba ka duba kamfas ba ka lissafin iska don ka san akwai mai yi maka. Kuma ka rasa zaman jama'a, wanda rabin daɗin tafiyar ke nan. Sannan ka tabbatar tun a saƙo cewa naka ne kai kaɗai, don an taɓa yi min alkawarin haka a wani wuri, da safe na tarar an ƙara mutum uku wai ai ba komai. Ka kuma nemi mai jin Faransanci in Ingilishinka bai zauna ba, a Masar ana samu sosai, ga shi in ka yi makarantar allo ko ta Islamiyya ɗan Larabcin nan ma na taimakawa wajen shiga ran ma'aikatan jirgi.

Hanya ta uku ita na fi so ga matasa, ka shiga kwas. Maimakon ka biya nutso zalla, ka biya mataki na gaba. A PADI mataki na biyu nutso 5 ne, yawanci kwana biyu, ciki dole akwai na zurfi da na bin hanya da kamfas, ka gama katinka ya koma mita 30. Duk nutson nan biyar malami na tare da kai, ɗalibai biyu ko uku ne ko huɗu, kuma kusan matakinku ɗaya tunda abu ɗaya kunka zo koya. Wato ka samu jagora, ka samu kati, ka samu abokai da ka riga ka ga yadda suke cikin ruwa kafin ka damƙa musu ranka. Bambancin kuɗinshi da nutso biyar na kawai bai kai yadda mutum ke zato ba in ka cire abin da dama za ka biya. Bayan kwas sai ka ce ma wanda ya kwanta maka a rai, gobe mu tafi tare. Illarta dai, wani ɓangare na hutunka zai tafi a karatu da atisaye maimakon kallon murjani, kuma in an yi rashin sa'a malamin mai gaggawa ne sai ka fito da kati ba ilimi. In kana da mataki na biyu tuni, kwas ɗin ceto shi ne wanda ya fi canza ni, nan ne na koyi gane tsoro a idon mutum ta cikin gilashi tun kafin shi kanshi ya san ya tsorata.

Ta huɗu, neman aboki tun kana gida ta Facebook ko WhatsApp. Akwai guruf-guruf na masu nutso na kusan kowane gari, Dahab, Zanzibar, Dakar, ka rubuta kwanakin zuwanka da matakinka wani ya amsa. Amfaninta kuna da lokacin yin magana a tsanake, har ku raba kuɗin taksi ko ɗaki. Sai dai baki na iya faɗin komai, wanda ya ce nutsonshi 200 a saƙo ba ka ga karnenshi ba, kuma mutane na fasawa ana gobe tafiya. Ni ina amfani da ita ne don samun abokin hira da cin abinci, amma nutson farko da shi sai ta hannun kulob da jagora a gaba, in na ga kamun ludayinshi sannan. Kar ka tura ma kowa kuɗi tun daga nan da sunan ajiye wuri, kulob kake biya, shi ma bayan ka bincika. Wadda ta fi wagga ƙarfi ita ce in tsohon kulob ɗinka na Dakar ko Tunis na shirya tafiyar rukuni ka bi su, mutanen da sunka san ka, malamin da ya koya maka, sai dai kwanakinsu ba lallai su zo daidai da hutunka ba.

Ta biyar, jirgin kwana, wanda ake shiga a yi sati guda cikin teku ana nutso uku ko huɗu a rana. Ga mai tafiya shi kaɗai wajen samun aboki kam ba ta da na biyu, mutum ashirin ko kusa da haka kuna ci tare kuna kwana tare, ana haɗa ka ɗaki da wani namiji in namiji ne kai, zuwa kwana na biyu ka san wa ke shan iska kamarka wa ke da natsuwa, in wanda anka ba ka bai yi ba ka canza cikin ruwan sanyi. Amma ba ta ɗan nutso 14 ba ce. Hanyoyin kudancin Bahar Maliya irin su tsibiran Brothers da Daedalus da Elphinstone ruwa na ja da ƙarfi, bango ne da ke gangarawa ba ka ganin ƙasa, ana jefa ku daga zodiyak, ƙaramin kwalekwalen roba mai inji, jirage da yawa ba sa karɓar wanda bai kai nutso 50 ba, kuma gaskiyarsu. Kana nesa da asibiti awanni. Jiragen kansu ma sai an zaɓa da kyau, a Nuwamba 2024 wani ya kife kusa da Marsa Alam an yi asarar rayuka, kafin shi an yi gobara a wasu. Wanda ya kai matakin, ya tambayi hanyar fita ta gaggawa da inda rigunan ceto suke tun daren farko.

Nutso kai kaɗai ba aboki, wasu za su ce ai akwai katinshi. Akwai, PADI na da shi, SDI, wata makarantar nutso, na da shi, dukansu sai ka kai nutso 100 kafin ma a karɓe ka, kuma sai da ƙaramin butali na biyu mai abin numfashinshi daban da gilashi na biyu da sauran kaya. Kulob da yawa ko da katin ba sa yarda. Ba maganarmu ba ce yanzu.

Wurin da ka zaɓa ma na canza lissafin. Dahab, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu a mota daga Sham el-Shek, ita na fi ba mai tafiya shi kaɗai shawara. Ƙaramin gari ne, yawancin nutson daga bakin gaɓa ake shiga da ƙafa, rukuni ƙanana, bayan kwana biyu ka san fuskar kowa a wurin shan shayi, mutane kuma na daɗewa can ba kwana uku su wuce ba, to aboki ɗaya na iya kai ka ƙarshen hutu. Hatsarinta ɗaya sananne ne, Blue Hole, ramin da zurfinshi ya kai mita 100, da wata ƙofa a wajen mita 55 da ta ci mutane da yawa har an manna allunan sunayensu a jikin dutse. Gefen ramin sama-sama lafiya lau ake yin shi da jagora, amma duk abokin da ya ce maka mu ɗan leƙa ƙofar da butali ɗaya, ka rabu da shi a take, iyakar nutson shaƙatawa mita 40 ne, kuma tun wajen mita 30 azot ke fara juya kai kamar maye. Sham da Hurgada jiragen yini ne manya, kullum sabbin fuskoki, aboki na canzawa kusan kowace safiya, amma daga nan ake zuwa Ras Muhammad, sanannen wurin murjani, da kuma Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamusawa sunka nutsar a Oktoba 1941, shina kwance wajen mita 30 da babura da motoci a cikinshi har yau, wanda shi kam sai da kati na biyu da aboki na gaske. Dakar ita ce mafi sauƙi gare mu, sefa ɗaya muke kashewa, Faransanci ne, kulob ɗin Oceanium da Haidar El Ali ya daɗe shina jagoranta kafin ya zama ministan muhalli na Senegal shina nan, ga Ngor ga Gore ga tsibiran Madelen, sai dai lokacin sanyi ruwan na yin sanyi sosai kuma ba kullum ake gani nesa ba, wanda ke nufin abokinka sai ya manne maka. Zanzibar wajen tsibirin Mnemba kyau kam ba magana, amma masu zuwa amarci sun yi yawa, kowa da nashi, sau da yawa kai da jagora za ku ƙare.

Ko ta wace hanya ka samu mutum, akwai minti biyar da ba na yafewa yanzu, kuma nan ne mu Hausawa muke da aiki, don an tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, ba a yi ma baƙo tambayar ƙwaƙwaf, ba a cewa na gaji, komai sai ba komai. A tudu halin kirki ne. A mita 27 shi ya kusa halaka ni. Ka zauna kusa da shi a jirgi ka fara da naka, nutsona kaza, na ƙarshe wata kaza, ina shan iska da sauri, kunnena na jinkiri, ba na wuce mita kaza. In ka fara faɗin rauninka shi ma sai ya saki jiki ya faɗi nashi. Ka tambaye shi me ya zo gani, hoto zai ɗauka ko yawo. Ku nuna ma juna alamar rabin butali da ta bar 50 da ta iska ta ƙare, ku tuna babban yatsa sama ba yabo ba ne, mu hau ke nan, kuma duk wanda ya ɗaga shi an gama ba gardama. Ka taɓa oktopus ɗinshi da hannunka ka san inda yake, don wasu na bakinsu suke miƙawa su koma kan na wuya. Ka ga yadda ake sakin dalmarshi, bel ne ko aljihun riga. Ku buɗe butali ku shaƙa kuna kallon allura. Ku yanke wa ke gaba wa ke gefe, da abin da za ku yi in kun ɓace ma juna, wato dubawa minti ɗaya sannan kowa ya hau a hankali ku haɗu a sama. In ya yi maka dariya ko ya ce ba sai an yi wannan duka ba, ka je wurin jagora a gefe ka ce a canza maka, haƙƙinka ne, kuma jagorori sun saba ji.

Ga ƴan uwa mata, don akwai wata ƙanwarmu likita a nan Yamai da ita ma ta yi tambayar, ku rubuta ma kulob tun kafin ku biya ku ce mace kuke so jagora ko abokiyar nutso. A Masar da Zanzibar akwai malamai mata, kuma kombi, rigar nutso, dama ya rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, ga hular roba da ke rufe kai. Binciken kaya na buƙatar a taɓa bel da madauri, gara a daidaita wanga zance tun a saƙo da a zo jirgi ana jin nauyi har a tsallake binciken. Sannan kowa da kowa, a cika takardar lafiya da gaskiya, mai sikila ko asma ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna, sikila kam tana cikin abin da ke hana nutso kuma mun san yadda take a gidajenmu. Kar a haɗa nutson rana da azumi, ƙarancin ruwa a jiki na cikin abin da ke ƙara hatsarin ciwon azot. A yi inshorar nutso irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, don keson, ɗakin matsin da ake sa wanda ciwon ya kama, akwai shi a Sham da Dahab amma kuɗinshi ba na wasa ba ne, kuma ka ba abokinka lambar inshorar da ta wani naka a gida.

Abin da na tsara ma ƙanena ke nan da ya sake kira. Ya sauka Sham ya wuce Dahab. Rana ta farko ya biya malami shi kaɗai su yi bitar abin da ya manta a ruwa marar zurfi, cire gilashi da mayarwa, karɓar oktopus, daidaita dalma. Rana ta biyu da ta uku kwas na mataki na biyu. Daga ta huɗu ya shiga rukuni da wanda ya zaɓa cikin ƴan kwas ɗin, in bai samu ba kulob ya haɗa shi amma da jagora a gaba kuma bayan hirar nan ta minti biyar. Jirgin kwana ya bari sai karnenshi ya cika 50. Rana ta ƙarshe ba nutso, don bayan nutso da yawa a jere ana son aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, ni 24 nike bari, kuma na ce mishi kar ya ce zai cike ranar da hawan Dutsen Sinai don tsayin dutsen ma kamar hawa jirgi ne ga jinin da bai gama sakin azot ba. Ya ce to yaya, zai tura ma kulob biyu saƙo gobe ya ga wanda zai fara tambayarshi ranar nutsonshi na ƙarshe.